Tarihin Ciwon da ke Cin Bakin Yara



Hirarmu ta yau ta tarihi ce. Tarihin wani ciwo ne da ke farawa a gindin haƙorin yaro, amma kafin ya gama sai ya taɓa rumbu, ya taɓa garke, ya taɓa baitulmalin gwamnati. Likitoci suna kiran sa noma. Kada ku ɗauka noman gona ake nufi, sunan ne kawai ya zo ɗaya. Kalmar daga harshen Girkawa ta fito, ma'anarta kuwa cinyewa, kamar yadda dabbobi ke cinye ciyawar fage. A ƙasar Hausa wasu suna ce masa cizal, wasu suna ce masa ciwon iska.

Kafin mu kai ga ciwon, bari mu fara da ƙasar.

Damargu ƙasar hatsi ce tun zamanin kakanni. Ayarin Abzinawa kan zo da gishirin Bilma da dabino, su koma arewa da hatsi. A watan Janairu na 1851 wani Bajamushe mai yawon ƙasashe, Heinrich Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, ya iso Damargu tare da ayarin gishiri. A Tagelel ya rabu da ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa biyu, ɗayan kuma suka rabu ƴan kwanaki bayan haka. Ɗaya ya nufi Damagaram, ɗaya ya nufi Gobir da Maraɗi, shi kuwa ya kama hanyar Katsina da Kano. Bayan watanni cikin rairayi da duwatsu, a Damargu ne ya sake ganin manyan gonakin hatsi, har ya rubuta haka cikin littafinsa.

To amma ƙasar nan a bakin hamada take. Damina ta yi kyau bana, baɗi ta ƙi. Tsofaffi sun ji labarin Kakalaba, yunwar 1913 da 1914, daga bakin iyayensu. Da yawa cikinku sun ga farin 1973 da 1974 da idonsu. Sun ga yunwar 1984, wadda aka sa wa suna El-Buhari, don a shekarar ce gwamnatin Najeriya ta rufe iyakarta. Matasa ma sun san wahalar 2005. Me ya haɗa wannan lissafi da ciwon baki? Ku biyo ni, za ku gani.

Yadda ciwon yake

Ya fi kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6, wato bayan yaye. Da fari dasashi ne ke yin ja. In an taɓa sai jini. Baki ya yi wari, yawu ya riƙa dalala, yaro ya ƙi abinci. Daga nan sai kumatu ko leɓe ya kumbura. Sai wani baƙin tabo ya fito a kan kumburin. Wannan tabo alama ce nama ya mutu. Naman ya faɗi, ya bar rami a fuska. Haƙora su zube, wani lokaci har da ƙashin muƙamuƙi. Duk wannan yana iya faruwa cikin mako ɗaya ko biyu.

A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasi. Ta ce yara kamar 140,000 ne ke kamuwa kowace shekara, kuma in ba a yi magani ba, cikin goma tara ke mutuwa.

Ba a ɗaukar sa daga wani. Yaron da ke da shi ba ya shafa wa ƙanensa, ko da kwano ɗaya suke ci. Ƙwayoyin cutar da ke yin wannan ɓarna irin waɗanda ke zaune cikin baki ne. In jiki na da ƙarfi, yana tare su. In tamowa ta raunana yaro, sannan baƙon dauro ko masassara ko zawo suka bi ta kansa, sai jiki ya kasa tsaron ƙofarsa.

Turawa ma sun sha shi

Wasu suna tsammani ciwon baƙar fata ne. Ba haka ba ne. Shekaru ɗari uku da suka wuce, likitocin Holan da Faransa da Ingila da Jamus sun san shi sarai. A 1680 wani likitan fiɗa na ƙasar Holan, Cornelis van de Voorde, ya rubuta a kansa da wannan suna na noma. Ƴaƴan talakawan birane yake kamawa, da marayu, musamman bayan annobar baƙon dauro.

Wajen ƙarshen ƙarni na 19 sai ya fara ɓacewa daga Turai. Ku lura da wannan da kyau. A lokacin ba a gano penisilin ba tukuna. Sai a 1928 Alexander Fleming ya gano shi, kuma sai bayan 1940 ya fara wadata. Ashe ba allura ce ta kori ciwon ba. Abinci ne ya ƙaru, ruwan sha ya gyaru, gidaje suka yi tsabta.

Tarihi ya sake ba da shaida a yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945. A sansanonin da gwamnatin Hitila ta tsare mutane ta hana su abinci, kamar Auschwitz da Bergen-Belsen, sai ga noma ya dawo a tsakiyar Turai. Da aka buɗe sansanonin, ya sake ɓacewa. Inda yunwa ta sauka, can yake sauka. Kun ga dalilin da ya sa muka fara da Kakalaba.

Gidan Damagaram

Akwai wani mutumin ƙasar Suwis mai suna Edmond Kaiser. A 1980 ya kafa ƙungiyar Sentinelles a birnin Lozan, don taimakon yaran da duniya ta manta da su. A 1992 ƙungiyar ta buɗe gida a Damagaram saboda yara masu noma. Ana karɓar yaro tare da uwarsa ko kakarsa. A wanke miki, a ba da magani, a ciyar da shi har ya yi ƙarfi. In ya koma gida, ma'aikata su bi shi ƙauye su ga yadda yake. Waɗanda fuskarsu ta lalace ana yi musu aiki. Wasu a Yamai, in likitocin fiɗa sun zo. Masu wuyar gaske kuwa aka riƙa kai su Janeba, inda Farfesa Denys Montandon da abokan aikinsa suka yi shekaru suna gyaran fuskokin yaran Nijar.

Daga wannan aiki ne aka sami wani bincike wanda likitocin duniya ke ambata har yau, kuma a jiharmu aka yi shi. Daga 2001 zuwa 2006 masu bincike na Janeba suka bi yara 82 da ciwon ya kama a yankin Damagaram. Ga kowane yaro marar lafiya, sukan je garinsu su nemi tsararrakinsa masu lafiya. Haka suka tara yara 327 na gwadawa. Tambayarsu ɗaya ce. Gari ɗaya, rijiya ɗaya, me ya sa wannan ya kamu, wancan bai kamu ba?

An buga amsar a 2013. Yaron da ya tsumbure, bai yi tsawon shekarunsa ba, shi ya fi shiga hatsari. Sai wanda ya rame. Sai wanda ya yi masassara ko zawo ko ciwon ƙirji cikin wata uku da suka wuce. Sai wanda uwarsa ta yi ciki da yawa kafin shi. Akwai kuma wani abu da zai ba ku mamaki: gidan da babu kaji, yaransa sun fi kamuwa.

Kaza ba magani ba ce. A ganina, abin da wannan ke nunawa shi ne ƙarfin gida. Uwar da ke da kaji biyar tana da ƙwai. Tana da abin kaiwa kasuwa ran da yaro ya kwana da zafin jiki. Wadda ba ta da ko ɗaya sai ta jira maigida ya dawo daga ci-rani, ko ta jira wani ya ba ta rance. Ciwon kuwa ba ya jira. Maganar yawan ciki ma haka nake fahimtarta. In an yi kwanika, sai a yaye na goye da wuri, a bar shi da kunu tsurarsa.

Lissafin kuɗi

Yanzu mu zo ga aljihu, don nan ne maganar ta fi shafar kowane maigida.

In an ga ciwon tun yana dasashi, abin da yake bukata kaɗan ne. A wanke baki da ruwan gishiri da aka tafasa ya huce. A ba yaro abinci mai gina jiki, kamar wake da gyaɗa da ƙwai da madara. A gidan likita mafi kusa a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta na ƴan kwanaki, irin su amoksisilin da metronidazol. Magunguna ne masu araha, da aka saba da su a gidajen likita. Yawanci nan maganar ke ƙarewa, ko tabo babu.

In an bari kumatu ya kumbura, lissafi ya sake. Sai an nemi mota zuwa Tanut, daga can wataƙila zuwa Damagaram, tafiyar kilomita wajen 150 daga Tanut. Kuɗin mota na mutum biyu ne, zuwa da dawowa. Ga abincin mai jinya a birni, inda komi sai an saya. Uwa za ta bar gida makonni. Wa zai yi daka? Wa zai ɗebo ruwa? Wa zai duba sauran yara? In da damina ne, kuma lokacin ne rumbu ke zama fayau, tamowa da masassara su yi yawa, sai noman baki ya hana noman gona. A sayar da akuya, a sayar da rago, a ci bashin hatsi da za a biya da kaka. Gidan da ya fita daga wannan ya fi da talauci, kuma ƙannen yaron su ne yanzu ke cikin hatsari.

In kuwa nama ya riga ya faɗi, an shiga lissafin da ya fi ƙarfin ƙauye gaba ɗaya. Tabon kan ɗaure muƙamuƙi, baki ya kulle, yaro ya kasa tauna, ya kasa magana sosai. Aiki ɗaya ba ya isa. Sai an yi biyu, uku, ko fiye, a ɗebo fata da tsoka daga wani sashe na jiki a rufe ramin. Bayan aiki sai an yi watanni ana motsa muƙamuƙin kullum, in ba haka ba ya sake kullewa. Ga kuɗin jirgin sama, ga zaman watanni a ƙasar waje. Iyaye ba su ke biyan wannan ba, gaskiya ne. Amma wani ne ke biya, kuma abin da aka kashe a kan fuska ɗaya zai sayi maganin farko na yara masu ɗimbin yawa.

A 2022 wasu masana na jami'ar Janeba suka zauna suka yi wa Nijar da Burkina Faso wannan lissafi. Ba kuɗin magani kaɗai suka ƙirga ba. Sun sa aikin da iyali suka rasa. Sun sa auren da ba a yi ba, don kun san yadda jama'a ke yi da yarinyar da fuskarta ta lalace. Sun sa aikin da yaran da suka mutu za su yi da sun girma. Wannan na ƙarshe shi ya fi sauran duka nauyi, nesa ba kusa ba.

Wa ke biyan kuɗin likita?

Wannan ma yana da tarihinsa. Bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnati ce ke ɗauke da gidajen likita. Da kuɗin yuraniyom ya faɗi bayan 1980, sai baitulmali ya yi rauni, magani ya yanke. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, suka yarda jama'a su riƙa biyan wani abu don a riƙa sayo magani. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada. A 1995 Nijar ta yi dokar biyan kuɗin magani a gidajen likita.

Tsarin ya sa magani ya samu a wurare da yawa. Amma ya sa talaka ya riƙa jinkiri. Uwa ta duba bakin yaro, ta duba ƙullin zanenta, ta ce bari mu ga gobe. Ga ciwon da ke gama aikinsa cikin kwana goma, gobe tana da tsada.

A 2006 gwamnati ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Yaran da ake kaiwa likita suka ƙaru ƙwarai. Sai dai an sha yin jinkiri wajen mayar wa gidajen likita kuɗinsu, har wani lokaci a je a tarar babu magani, a rubuta wa mutum takarda ya je ya saya. A 2024 kuma aka rage kuɗin ayyuka da yawa a asibitocin gwamnati da rabi. Duk da haka, ba dokar da ta taɓa biya wa mutumin Gangara kuɗin mota, ko ta yi masa noman da ya bari.

Haƙoran manya

Kada manya su ce wannan hira ta yara ce. Yaro yana da haƙoran nono 20, su faɗi wasu su fito. Babba yana da 32, kuma wanda ya fita ya fita ke nan.

A Damargu shayi ya zama abokin hira. Ana dafa na fari, a dafa na biyu, a dafa na uku, kowanne da sukarinsa. Ga alewa da biskit da lemun kwalba da suka cika tebur a kowace kasuwa, abin da kakanninmu ba su saba da shi ba. Mutane suna cewa tsutsa ce ke cin haƙori. Babu tsutsa a ciki. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da wani ruwa mai tsami, shi ke huda haƙori a hankali har ya yi kogo.

Mai ciwon haƙori yakan fara da ƙwayar masu talla a kasuwa. Zafi ya lafa kwana biyu, ya dawo. Ya sake saya. In ya haɗa abin da ya kashe cikin shekara, zai tarar ya fi kuɗin zuwa likita tun farko, ga kwanakin da ya kwanta bai je gona ba. Wani ya kai kansa ga mai cire haƙori da ƙarfen da ba a dafa ba. Kogon da aka ƙyale yana iya tara mugunya, kumburi ya gangara wuya ya toshe numfashi. Wannan yana kisa. Likitocin haƙori kuma kaɗan ne a ƙasarmu, galibinsu a manyan birane.

In turamen haƙora suka zube, tauna ta gagara. Tsoho ya bar nama, ya bar gyaɗa, ya bar dabino, ya koma kunu da fura. Jiki ya yi rauni, ƙaramin ciwo ya kwantar da shi, ƴaƴa su shiga sayen magani. Likitoci sun kuma tabbatar ciwon sukari da ciwon dasashi suna taimakon juna. Mai ciwon sukari ya fi saurin rasa haƙora, ciwon dasashi kuma yana hana sukarin jini daidaita.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan dubu 3 da rabi ne ke fama da ciwon baki ko na haƙori. Ta ce a 2019 an kashe dala miliyan dubu 387 a kan maganinsu. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Mafi yawan wannan kuɗi a ƙasashe masu arziki aka kashe shi. Mu kuwa muna da asawaki, wanda addini ya kwaɗaitar da mu a kansa, ba ya kuma cin ko dala. In ana yin sa safe da dare, a bi kowane haƙori ciki da waje har gindi, yana tsabtace baki sosai. Laifinmu ɗaya: babba yana yi wa kansa, ba ya yi wa yaro.

Daga Sakkwato zuwa Janeba

A 1999 aka buɗe asibitin yara masu noma a Sakkwato. Daga 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF ta shiga aiki tare da shi. A 2012 majalisar kare haƙƙin ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta duba wani rahoto da ya haɗa noma da haƙƙin yaro na samun abinci. A watan Janairu na 2023 Najeriya ta kai takarda ga Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasashe da yawa suka goyi bayanta. Ran 15 ga Disamba 2023 hukumar ta sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Amfanin shiga wannan jeri shi ne a sa ciwon cikin tsarin aikin ma'aikatun lafiya, a koya wa ma'aikatan ƙananan gidajen likita gane shi, a nemi kuɗin bincike.

Amma wanda zai fara ganin ciwon yana cikin gida. Allurar rigakafin baƙon dauro ana yin ta fari in yaro ya kai wata 9, kyauta ce, akwai kuma ta biyu bayan ya shekara. Duk yaron da ya tashi daga baƙon dauro, ko masassara, ko zawo, a riƙa duba bakinsa kullum har ya murmure. Uwa ta wanke hannu da sabulu, ta zaunar da shi a cinya wajen haske, ta ɗaga leɓen sama, ta ja na ƙasa, ta duba gindin haƙora da cikin kumatu. In ta ga jini, ko farin miki, ko ta ji warin da ba ta saba ji ba, ranar za a je gidan likita. In kumatu ya riga ya kumbura, ko da dare ne a nemi amalanke.